Muhammadu Abubakar Rimi: Limamin Canji

An haifi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a shekarar 1940 a ƙauyen Rimi da ke yankin Sumaila. Yana da shekara 39 ya zama gwamnan farar hula na farko a tsohuwar jihar Kano, a ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano.

A lokacin, Birnin Kudu da Gwaram na cikin jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa. A irin waɗannan yankuna na manoma da makiyaya ne kalamansa suka fi ratsa jiki.

Marigayin mutum ne mai fasahar magana. Jigon jawabansa shi ne gumin talaka ne ke riƙe da ƙasa, kuma ba a samun 'yanci sai da gwagwarmaya. 'Yan siyasa da dama sun yi irin wannan magana kafin shi da bayansa, amma shi ya bi ta da aiki. Da hawansa mulki a 1979 ya soke haraji da jangali, waɗanda dagatai da hakimai ke karɓa tun zamanin Turawa, har wani lokaci magidanci ya bar garinsu saboda ya kasa biya. A 1980 ya ayyana ranar 1 ga watan Mayu a matsayin hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Ya kuma kafa jaridar Triumph da hukumar yaƙi da jahilci.

Sai dai zafin kalaman nasa ya jawo masa tsada. Takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aike wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ta haddasa tarzomar 10 ga watan Yulin 1981, inda aka kashe mai ba shi shawara kan harkokin siyasa, Dakta Bala Muhammad. Kafin nan PRP ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo, shi kuma ya raba gari da Malam Aminu. Cikin waɗanda suka bi shi akwai Sule Lamido, ɗan Bamaina a yankin Birnin Kudu, wanda daga baya ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

A 1983 ya ajiye muƙaminsa ya koma NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a zaɓe, sannan sojoji suka ɗaure shi bayan juyin mulki.

Karɓar muƙamin ministan sadarwa da ya yi a gwamnatin Janar Sani Abacha a 1993 abu ne mai wuyar daidaitawa da abin da ya shafe shekaru yana wa'azi a kai. Amma gwamnatin ce kuma ta tsare shi da Sule Lamido a 1998, saboda adawa da shirin tazarce. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 4 ga watan Afrilun 2010 a Kano, jim kaɗan bayan 'yan fashi sun tare shi a hanyarsa ta dawowa daga jihar Bauchi.