Michel Adanson, Bafaranshen da kuka ta ci sunansa

Duk mai sayar da garin kuka a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ta san darajar icen nan. Amma a littattafan masana sunansa Adansonia digitata. Rabin farko sunan mutum ne, na biyun kuma yana nufin ganye mai kama da yatsu. Mutumin shi za mu ba ku labarinsa yau.

An haifi Michel Adanson a 1727 a kudancin Faransa. Yana saurayi ya kama aikin malanta a wani kamfanin fatake, ya sauka Senegal a 1749. Abokan aikinsa na lissafin ƙaro, shi kuwa yana cikin daji yana tara ganye da ƙwari, har ya koyi yaren Wolof. Can ya ga kuka, icen da ke ajiye ruwa cikin gindinsa don rani. Ya auna kaurinta, ya ce wasu sun haura shekara 5,000. Nan ya yi zuƙu, don binciken zamani bai samu wadda ta wuce kamar shekara 2,500 ba.

Da ya koma gida, a 1763 ya fitar da littafi inda ya kasa tsirrai dangi 58. A ciki ne ya raɗa wa Kalanchoe suna, tsiron nan mai kaurin ganye cike da ruwa. Lokacin, Linnaeus na ƙasar Suwidin ne sarkin fagen, yana rarraba tsirrai ta hanyar ƙirga sassan fure. Adanson ya ce sai an duba tsiro duka, saiwa, ganye, fure da ƴaƴa. Mu dai muna ganin ya fi gaskiya, ai ba a gane dangin mutum da hancinsa kaɗai.

Abin dariya, Linnaeus ɗin ne ya sa wa kuka sunan Adanson don girmamawa. Gogan ya ƙi karɓa, ya ci gaba da kiran ta baobab.

Taurin kan nan bai kawo masa kasuwa ba. Ya kwashe shekaru yana rubuta wani ƙaton kundi na dukan halittu, ba a taɓa buga shi ba. Juyin mulkin 1789 ya raba shi da ɗan abin da yake samu, har aka ce da majalisar masana ta gayyace shi, ba shi da takalmin zuwa. Ya mutu a Paris a 1806, bayan ya bar wasiyya a ɗora furannin dangin nan 58 bisa kabarinsa.