Abu Zaid Al-Balkhi, Malamin da ya Rubuta kan Ciwon Zuciya

Idan aka tambayi masana ilimin halayyar ɗan Adam inda fanninsu ya soma, sukan ambaci ɗakin gwaji da Wilhelm Wundt ya buɗe a birnin Laifzig na Jamus a 1879. Daga nan su zo kan Sigmund Freud, mai neman tushen damuwa a ƙuruciya da mafarki, da John Watson na Amurka, wanda tun 1913 ya tsaya kan abin da ido ke gani na ɗabi'a kawai. Ba mu musanta aikinsu ba. Sai dai kusan shekara dubu kafin su akwai Abu Zaid Ahmad ibn Sahl Al-Balkhi.

An haife shi wajen shekarar 850 a wani ƙauye kusa da Balkh, a arewacin Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne. Ya tafi Iraƙi neman ilimi, ya yi shekara takwas, ya yi karatu wajen Al-Kindi. Da ya komo gida sarkin Balkh ya yi masa tayin waziranci, ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda. Daga baya an fi saninsa da zanen taswirar ƙasashe, kuma mafi yawan littattafansa sun ɓace.

Wanda ya tsira, ya kuma sa muke tuna shi, shi ne Masalihul Abdan wal Anfus: babi 14 kan lafiyar jiki, babi 8 kan lafiyar rai. A ciki ya zargi likitocin zamaninsa da kula da jiki su bar zuciya, alhali kowane ɗayansu na iya kwantar da ɗan uwansa. Ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Baƙin ciki kuwa ya raba shi biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani ke warkarwa. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya hana shi walwala. Wannan a ganinsa tushensa a jiki yake, sai an haɗa da magani. Mu da muke saurin cewa mai irin wannan hali imaninsa ne ya yi rauni, ko mu ce aljanu ne, ya kamata mu tsaya a nan mu yi nazari.

Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Matsoraci kuma a riƙa kusantar da shi ga abin da yake tsoro sannu a hankali har ya saba. Hanyar gyaran tunani da likita Aaron Beck ya kafa a Amurka a shekarun 1960 ta yi kama da wannan ƙwarai.

Rubutun ya daɗe ajiye a ɗakin karatu na Ayasofya a Istambul, har Fuat Sezgin ya buga hotonsa a 1984. Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, ya fassara ɓangaren rai zuwa Ingilishi a 2013. Al-Balkhi ya rasu a ƙauyensu a shekarar 322 ta Hijira, wato 934. Allah ya jiƙansa.