Cyril Crossland: Baturen da ya yi noma a ƙarƙashin Bahar Maliya

Idan aka ambaci ruwa a Sudan, hankali kan tafi Khartoum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su wuce ta gaban Omdurman. Amma ƙasar tana da teku a gabas, inda a da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa kan shiga jirgi a Suwakin su haye zuwa Jidda. A wannan gaɓa ce Cyril Crossland ya kwashe shekara 17 yana gwada abin da mutane da yawa suka ɗauka mafarki ne, wato kiwon halittun teku kamar yadda manomi ke kula da gonarsa.

An haife shi a Sheffield ta Ingila a 1878, mahaifinsa mai zanen hotuna ne. Ya karanci ilimin dabbobi a Jami'ar Cambridge, daga 1900 zuwa 1902 kuma yana Zanzibar yana tattara tsutsotsin teku da sauran ƙananan halittu don nazari. A ƙarshen 1904 irin wannan aiki ya kawo shi gaɓar Sudan.

Lokacin shekara shida ke nan da yaƙin Omdurman na 1898, wanda ya kawo ƙarshen daular Mahadi. Sabuwar gwamnatin Ingila da Masar, wadda ke zaune a Khartoum ƙarƙashin Gwamna Wingate, tana neman kuɗin shiga ido rufe. A 1905 ta ɗora Crossland kan sha'anin lu'ulu'un teku, bai ma kai shekara 30 ba. Daga nan tambayar da ke gabansa ta sauya. Da can yana neman sanin sunan halitta da danginta, yanzu kuwa ana so ya faɗi ko za ta kawo riba.

Halittar da ake magana a kai tana da ɓawo biyu, dangin katantanwa ce. Jefi-jefi ake samun ƙwayar lu'ulu'u a cikinta. Ainihin kuɗin yana jikin ɓawon, wanda cikinsa ke walƙiya, masana'antun Turai na saye suna yanka maɓallan riguna, domin roba ba ta mamaye kasuwa ba tukuna. Masu ninƙaya na gaɓar sun daɗe suna nutsewa su tsinto shi ɗaya-ɗaya.

Crossland ya kafa sansani a Dungunab, arewa da Port Sudan, wurin da ruwan sha kansa abin nema ne. Ya lura cewa 'ya'yan halittar kan yi yawo cikin ruwa na ɗan lokaci kafin su manne wa wani abu mai ƙarfi. Sai ya riƙa sa musu abin da za su manne wa a lokacin haihuwa, ya kwashe su zuwa faifai masu ragar waya don kada kifaye su cinye su, ya bar su su girma har shekaru. Faɗarsa da sauƙi, amma kowane kuskure a irin wannan noma sai shekara ta zagayo ake gyara shi.

Zaman kaɗaicin bai tafi a banza ba. Ya shaƙu da jejin da mutanen Beja da ke kewaye da shi, ya kuma kamu da son murjani, yana bibiyar yadda duwatsunsa suke ginuwa a ƙarƙashin ruwa. A 1913 ya fitar da littafinsa, Desert and Water Gardens of the Red Sea, wanda ya haɗa rayuwar mutanen gaɓar da bayanin tekun. Wannan sha'awa ta gefe, wadda ba don ita ake biyansa albashi ba, ita ce ta riƙe sunansa a wajen masana.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin ɓawon ya faɗi, a 1922 aikin ya tsaya. Dabarar ta yi aiki, lissafin ofis ne bai fita ba, kuma da wuya a ce gwamnatin ta yi hangen nesa. Crossland ya tafi tekun Pasifik, ya yi nazarin murjani a Tahiti. A 1930 ya dawo Bahar Maliya, inda ya kafa wa jami'ar Masar tashar binciken teku a Ghardaqa, garin da masu yawon buɗe ido suka sani yau da Hurghada. Ya bar tashar a 1938, Hamed Gohar ya gaje shi, masanin da Misirawa suka sani da shirinsa na talabijin kan halittun teku.

Ya rasu a Copenhagen ta Denmark a watan Janairun 1943, ana tsakiyar yaƙi. Bayan Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, aka farfaɗo da kiwon a Dungunab da taimakon hukumar abinci ta FAO, bisa tushen da ya bari. A 2016 UNESCO ta sa Dungunab da Sanganeb cikin jerin wuraren gado na duniya.