Al-Sahili: Mawaƙin da ya baro Sifaniya ya yi suna da gini a daular Mali

A yau matasa daga Maradi da sauran sassan Sahel na ratsa hamada da fatan shiga Turai. Kimanin shekara 700 da suka wuce, wani ɗan ƙasar da ake kira Sifaniya a yanzu ne ya ƙetaro hamadar zuwa wannan yanki, ya samu arziki, kuma a nan aka binne shi.

An haifi Abu Ishaƙ Ibrahim al-Sahili a birnin Granada na Andalus wajajen shekarar 1290. Mahaifinsa shi ne shugaban masu sayar da turare na birnin. Ya yi karatun fiƙihu, amma da waƙa da iya rubutu aka fi saninsa.

Bayan ya bar gida ya zaga ƙasashen gabas, sai ya haɗu da sarkin Mali, Mansa Musa, a aikin Hajjin 1324. Sarkin ya yaba da iliminsa, ya taho da shi.

Masanin tarihi Ibn Khaldun ya ruwaito cewa al-Sahili ya gina wa sarkin zauren fada mai kusurwa huɗu da ƙubba a babban birnin daular, ya shafe shi, ya ƙawata shi da zane mai launuka. Ladan aikin miskali 12,000 ne na zinariya, wato fiye da kilo 50. Ginin bai kai zamaninmu ba.

Daga baya aka riƙa danganta masa masallacin Jingarebar na Tumbutu, wanda aka gina wajajen 1327, har wasu marubutan Turai suka ɗauka shi ya koya wa yankin ginin ƙasa. Masana irin su Suzan Aradeon da John Hunwick sun yi jayayya da hakan. Hujjarsu ita ce zauren fadar kaɗai tsofaffin littattafai suka ambata da sunansa, kuma mutanen yankin sun daɗe suna gina birane da laka kafin zuwansa. Birnin Jenne-jeno ya girmi al-Sahili da fiye da shekara dubu.

Ya rasu a Tumbutu a 1346. Matafiyin nan Ibn Battuta ya ga kabarinsa ƴan shekaru bayan haka, zuriyarsa kuma ta zauna a Walata, cikin Muritaniya ta yanzu.

Masallacin na nan har gobe. Alƙali al-Aƙib ya sake gina shi a ƙarni na 16, sannan UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Maginan Tumbutu da jama'ar gari ne ke sabunta yaɓensa, kamar yadda mai gidan ƙasa a Gazawa ke gyara katangarsa kafin damina ta sauka.