Waliyya Josefin Bakhita: Daga Baiwar Mutane Zuwa Baiwar Allah

Ranar 8 ga watan Fabrairu na kowace shekara, Ikilisiya Katolika a duniya duka takan tuna da wata 'yar Afirka wadda aka sayar a kasuwa sau da dama kamar dabba, wadda kuma ta ƙare kwanakinta tana tsaron ƙofar gidan Sistoci a wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya. Ba ta kafa ƙungiya ba, ba ta kuma riƙe wani muƙami ba. Girki da ɗinki da buɗe wa baƙi ƙofa su ne aikinta. Duk da haka rayuwarta ta nuna mana a fili yadda Allah yake ceton mutum, ya tsarkake shi, sa'an nan ya mai da shi abin amfani a hannunsa.

Yarinyar da ta manta da sunanta

An haife ta wajen shekara ta 1869 a ƙauyen Olgosa, cikin ƙasar Darfur a yammacin Sudan, ba nisa da garin Niyala. Mutanenta Daju ne, iyayenta kuwa masu rufin asiri ne, suna da gonaki da dabbobi, kuma ɗan'uwan mahaifinta shi ne sarkin ƙauyen. Ta tashi cikin gata. Tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari, ta tambayi kanta ko wane ne mai waɗannan kyawawan abubuwa, ta ji tana marmarin ta san shi ta yi masa gaisuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mata sunansa.

Masifa ta fara shiga gidansu ne ranar da mahara suka kama yayarta. Bayan 'yan shekaru, wajen 1877, ita ma ta fita daji da wata ƙawarta, sai wasu mutum biyu suka tare ta da wuƙa suka tafi da ita. Shekarunta ba su wuce tara ba. Tsananin firgita ya sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta tuna shi ba. Masu kamun suka laƙaba mata Bakhita, kalmar Larabci mai ma'anar mai sa'a. Da ba'a suka sa mata shi, ba su san cewa Allah zai gaskata sunan nan ba.

Aka kora ta a ƙasa, ba takalmi, tafiyar kusan kilomita 960 zuwa Al-Ubayyid, babban birnin Kordofan. A hanya ta taɓa gudu tare da wata yarinya, amma mutumin da suka faɗa hannunsa, maimakon ya mai da su gida, sai ya sake sayar da su. A Al-Ubayyid wani attajiri ya saye ta ta zama kuyangar 'ya'yansa mata. Wata rana, saboda ɗan kuskure, ɗan maigidan ya yi mata dūka da shuri har ta yi kusan wata guda ba ta iya tashi daga shimfiɗa.

Daga nan ta faɗa gidan wani babban hafsan sojan Turkawa, gama a lokacin Sudan tana ƙarƙashin mulkin Turkawa da Masar. A wannan gida ne ta sha azabar da ta fi kowace. Matarsa da surukarsa ba sa barin rana ta faɗi ba su sa an yi wa bayi bulala ba. Wata rana aka kira wata mace, ta zo da ƙwaryar gari da ƙwaryar gishiri da aska. Ta zana fasali a jikin yarinyar da garin, ta bi zanen da aska, ta cusa gishiri a cikin raunukan don tabon ya tashi. Tsaga 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannun dama. Mun san tsaga a ƙasarmu, alama ce ta gida da asali. Wannan kuwa shaidar mallaka ce, irin wadda ake yi wa dabba.

Hanyar da ba ta zaɓa ba

Da rundunar Mahadi ta doshi Al-Ubayyid a ƙarshen 1882, hafsan ya kwashi iyalinsa ya nufi Kartum. A can, cikin 1883, ƙaramin jakadan Italiya, Callisto Legnani, ya sayi Bakhita. A gidansa ne ta fara yin kwana ba a daka ta ba. Sa'ad da yaƙi ya kewaye Kartum a ƙarshen 1884, jakadan ya shirya komawa gida, ita kuwa ta dinga roƙonsa har ya yarda ya tafi da ita. Suka yi tafiyar kilomita 650 a kan raƙuma zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka a Jenowa cikin Afrilu 1885.

Ko a Turai ba ta zama mai ikon kanta ba. Jakadan ya ba da ita kyauta ga matar abokinsa, Augusto Michieli, ta zama mai rainon 'yarsu Mimmina a wani ƙauye kusa da birnin Venis. Mai kula da dukiyar gidan, wani dattijo mai tsoron Allah da ake kira Illuminato Checchini, ya ba ta ƙaramin gicciye na azurfa, ya sumbace shi kafin ya miƙa mata, ya bayyana mata cewa wanda ke bisansa ya mutu ne dominta. Ba ta gane ba, amma ta ɓoye gicciyen, takan fito da shi a kaɗaice tana dubawa. Shi ne abu na farko da ta taɓa mallaka tun da aka raba ta da gida.

A ƙarshen 1888 uwargidan ta tafi Sawakin inda mijinta ya sayi otel. Bisa shawarar dattijon nan, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun Sistocin Kanosa a Venis, a gidan da ake koyar da masu shirin baftisma. Nan ne Sistoci suka gaya mata sunan wanda take nema tun tana kallon taurarin Darfur. Ta ji cewa akwai wani Ubangida wanda yake bisa dukan iyayengiji, ya san ta, yana ƙaunarta, shi ma kuma an ɗaure shi an yi masa bulala, an sayar da shi a kan kuɗin azurfa talatin. Har ƙarshen ranta da sunan Ubangida take kiran Allah, cikin harshen mutanen Venis.

Bayan kusan shekara guda uwargidan ta dawo don ta tafi da su Sawakin. A karo na farko a rayuwarta Bakhita ta ce a'a. Kwana uku ana lallashinta, ana tuna mata da alherin da aka yi mata, ana nuna mata yarinyar da take ƙauna tana kuka. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, amma ta san cewa in ta tafi, ba za ta sami baftisma ba. Magana ta kai gaban hukuma, kuma ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke hukunci cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka Bakhita 'ya ce, tana da ikon zaɓa wa kanta.

Ceto da tsarkakewa

Ranar 9 ga Janairu 1890, Kadinal Agostini na Venis ya yi mata baftisma, ta karɓi Ƙarfafawa da Jibi Mai Tsarki a rana ɗaya. Aka sa mata suna Josefin Margarita Fortunata, wannan na ƙarshe kuwa fassarar Bakhita ce. Daga baya, duk sa'ad da ta sami zarafi, takan je ta sumbaci wurin da aka yi mata baftisma, domin a nan ne ta zama 'yar Allah.

'Yan'uwana cikin Kristi, mu lura da tsarin nan. Duk wanda ya taɓa sayenta, amfaninta ya duba kafin ya biya kuɗi: ƙarfinta, haƙoranta, shekarunta. Allah kuwa ya karɓe ta tun ba ta yi masa aikin kome ba. Haka Manzo Bulus ya koya wa Afisawa, cewa ta wurin alheri aka cece mu, kyauta ce ba ladan aikinmu ba, amma an halicce mu cikin Kristi domin ayyuka nagari waɗanda Allah ya riga ya shirya mana. Ceto ne a gaba, hidima tana biye. Wanda ya juya wannan tsari zai riƙa yi wa Allah aiki da zuciyar bawa, yana tsoron bulala.

Tsakanin ceto da hidima kuma akwai tsarkakewa, wadda ba ta kwana ɗaya ba ce. Hukuma ta 'yantar da Bakhita da takarda guda, amma cire tsoro da ɗacin shekara goma sha biyu daga zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, yana yinsa a hankali ta wurin addu'a da sakramenti da zama da mutane. Ta ji kira zuwa zaman Sistoci, ta ji nauyin faɗa domin tana ganin baƙar mace wadda ba ta yi karatu ba ba ta isa ba. Da ta buɗe zuciyarta ga Fada mai jin furcinta, ya ƙarfafa ta. Ta shiga shekarun koyo ranar 7 ga Disamba 1893. Wanda ya jarraba ta kafin ta ɗauki alkawari shi ne Kadinal Sarto, wanda daga baya ya zama Paparoma Piyus na Goma. Ranar 8 ga Disamba 1896, a Verona, ta ɗauki alkawarin talauci da tsabtar rai da biyayya. Wadda aka tilasta wa biyayya da bulala ta miƙa ta yanzu da yardar ranta.

Amfanin alherin nan ya fito a yadda take maganar waɗanda suka cuce ta. Ba a taɓa jin ta la'ance su ba. Takan yi musu addu'a, tana cewa ba su san Ubangiji ba. Da wani ɗalibi ya tambaye ta abin da za ta yi in ta gamu da su, ta nuna cewa za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, tun da ta wannan hanya ce ta kai ga sanin Kristi. Kada wani ya ɗauka cewa ta wanke bauta daga laifi. Mugunta mugunta ce. Abin da ta gani shi ne abin da Yusufu ya gani game da 'yan'uwansa da suka sayar da shi: mutane sun nufi sharri, Allah ya juya shi ya zama alheri.

Tukunya mai amfani

A 1902 aka aika ta garin Skiyo, a lardin Vicenza, inda ta yi kusan dukan sauran rayuwarta. Ta yi aikin girki, ta yi ɗinkin ado, ta kula da ɗakin kayan Misa, daga baya aka ba ta tsaron ƙofa. Da farko yara sukan gudu in sun gan ta, waɗansu manya kuma su tsaya suna kallonta kamar abin mamaki. Ta haƙura da wannan duka. Sannu a hankali ƙofar nan ta zama wurin da matalauta da gwauraye da iyaye masu damuwa suke zuwa neman shawara da addu'a. Takan ɗora hannu a kan yaran makaranta ta sa musu albarka. Mutanen gari suka riƙa kiranta baƙar uwarsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da aka mai da wani sashen gidan asibitin soja, ta yi jinyar masu rauni, ta zauna kusa da masu mutuwa.

A 1931 aka buga labarin rayuwarta, wanda Ida Zanolini ta rubuta, sunanta ya bazu a Italiya. Shugabanninta suka umarce ta ta zaga gidajen Sistoci tana ba da shaida, tana taimakon 'yan mata masu shirin aikin mishan. Wannan ya fi mata girki wuya nesa, domin ba ta son taro, kuma tuna baya yana fama mata rauni. Ta yi shi saboda biyayya, da kuma ƙaunar mutanenta na Afirka waɗanda take marmarin su san Ubangida.

A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Manzo Bulus ya kwatanta Ikilisiya da babban gida mai kayan zinariya da azurfa, da na itace da yumɓu, ya nuna cewa wanda ya tsarkake kansa shi ne zai zama abin amfani ga maigidan. Kowace uwargida ta san wannan: ƙwarya mai tsabta ta fi tasar azurfa mai dauɗa amfani a ranar baƙi. Bulus ɗin nan ne kuma ya mai da Unisimas, bawan da ya gudu, wurin Filimon, yana shaida cewa wanda dā ba shi da amfani ya zama mai amfani, ya kuma zama ɗan'uwa.

Tsufa ya zo mata da ciwon gaɓoɓi da na ƙirji, har ta koma zama a keken marasa lafiya. Ko a nan ba ta ɗauki kanta marar amfani ba, ta mai da sa'o'inta addu'a a gaban Jibi Mai Tsarki. A ciwon ajalinta hankalinta ya koma kwanakin bauta, ta riƙa roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙi domin sun yi nauyi. Tabon bai ɓace ba, tare da shi Allah ya tsarkake ta. Da ta farfaɗo, sunan Uwargida Maryamu ne na ƙarshe a bakinta. Ta rasu da daren 8 ga Fabrairu 1947. Kwana uku jama'a suna layi don su yi mata bankwana.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka ranar 17 ga Mayu 1992. Da ya ziyarci Kartum a Fabrairu 1993 ya gabatar da ita ga mutanen Sudan a matsayin 'yar'uwarsu da ta dawo gida. Ranar 1 ga Oktoba 2000 ya sanya ta cikin waliyyai. Tun daga 2015 kuma ranar idinta ta zama ranar addu'a ta duniya a kan fataucin mutane.

Wannan addu'a ta shafe mu. A cikin majami'unmu akwai iyalan da aka sace musu 'ya'ya don kuɗin fansa, akwai kuma 'yan matan ƙasarmu da aka ruɗa da alkawarin aiki aka kai su Italiyar nan aka sayar da mutuncinsu. Wajibi ne mu yi musu addu'a, mu tona asirin masu wannan ciniki, mu kuma karɓi waɗanda suka dawo ba tare da gori ba. Kai kuma da kake ganin abin da ya same ka ya lalatar da kai, ke kuma da kike cewa ba ki yi karatu ba balle ki amfani Ikilisiya, ku tuna da mai tsaron ƙofar Skiyo. Ku kusaci sakramenti, ku bar Ubangiji ya wanke ku, ku kama aikin da ke gabanku, ko sharar coci ce, ko koyar da katekisma, ko gai da marar lafiya.

Waliyya Josefin Bakhita, ki yi addu'a dominmu, da ƙasarki Sudan, da dukan waɗanda suke a ɗaure. Amin.