Tarihin Dokta John Snow, Likitan Da Ya Ɗora Mace-Macen Kwalara Kan Taswira

A zamanin nan, da zarar wata annoba ta ɓarke a wani sashe na duniya, sai hukumomin lafiya su fitar da taswirarta a shafukan intanet. Mutum yana zaune da wayarsa ko kwamfutarsa, sai ya taɓa gari da yatsa, adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu ya bayyana masa. In ya so ya matso da taswirar har ya ga unguwa guda, in ya so ya mayar da ita baya ya ga ƙasa baki ɗaya. Masu koyar da wannan sana'a kuwa, da wuya su fara darasi ba su ambaci wani likita ɗan ƙasar Ingila ba, wanda ya rasu tun shekarar 1858, watau Dokta John Snow.

An haifi John Snow ranar 15 ga watan Maris, 1813, a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa lebura ne a wata ma'ajiyar kwal, daga baya ya koma noma. Da yaron ya kai shekara 14, sai aka kai shi garin Newcastle aka danƙa shi ga wani likita mai suna William Hardcastle don ya koyi aiki, domin a wancan zamani ta haka ake shiga aikin likita, kamar yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko maɗinki.

Yana cikin wannan koyo ne cutar kwalara, watau ciwon amai da gudawa, ta shiga Ingila karo na farko a ƙarshen 1831. A shekarar 1832 maigidansa ya tura shi wani ƙauyen masu haƙar kwal da ake kira Killingworth, ya duba marasa lafiya, alhali bai cika shekara 20 ba. Mahaƙa suna wuni a ƙarƙashin ƙasa, babu wurin kewayawa, babu ruwan wanke hannu, a can kuma suke cin abincinsu. Wannan hali ya tsaya masa a rai, daga baya ya kafa hujja da shi. Tun yana saurayi ya bar cin nama da shan giya, ya kuma riƙa kula ƙwarai da tsabtar ruwan da yake sha.

A shekarar 1836 ya tashi zuwa Landan, mafi yawan tafiyar a ƙafa, ya shiga makarantar koyon aikin likita. Ya sami takardar shaidar ƙungiyar likitocin fiɗa a 1838, ya kuma sami digirinsa na likita daga Jami'ar Landan a 1844. Ya buɗe wurin aikinsa a unguwar Soho, cikin talakawa.

Sunansa ya fara fitowa ne ta wata hanya dabam. A ƙarshen 1846 labari ya iso daga Amurka cewa an gano wani magani mai suna eta, wanda in aka shaƙa wa mutum tururinsa sai ya yi barci, a yi masa fiɗa bai ji zafi ba. Shekara guda bayan haka aka fara amfani da kulorofom. Likitoci da yawa suna zuba maganin a ƙyalle su kara wa mutum a hanci bisa kintace. Snow kuwa sai ya zauna ya auna yawan tururin da jiki ke iya ɗauka, ya ƙera na'urar shaƙa maganin bisa ƙima. Gwanintarsa ta kai har fada, domin shi ne ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya kulorofom sa'ad da ta haifi ɗanta Leopold a 1853, da kuma 'yarta Beatrice a 1857.

Wannan sani da ya yi wa iska da tururi shi ya sa ya yi shakkar abin da manyan likitoci suka yarda da shi game da kwalara. Ra'ayinsu shi ne wari da gurɓatacciyar iska mai tashi daga juji da magudanai su ke kawo ta. Snow ya lura cewa abin da aka shaƙa huhu yake fara taɓawa, amma kwalara a ciki take fara ɓarna. Saboda haka ya yanke cewa haɗiyar ta ake yi, kuma tana fita cikin bayan gidan mara lafiya, ta shiga ruwan sha, ta kama wani. Da annobar ta dawo a 1848 da 1849, ta kashe mutum fiye da 50,000 a Ingila da Wales, sai ya buga ɗan littafi a 1849 ya bayyana wannan ra'ayi. Ba a kula shi ba, aka ce ba shi da isasshiyar hujja.

Hujjar ta samu a shekarar 1854. Akwai kamfanoni biyu masu sayar da ruwan famfo a kudancin Landan, bututunsu suna bin titi guda, har a sami gida biyu maƙwabta kowanne da kamfaninsa. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗiban ruwa daga kogin Tems a cikin birni, inda ƙazantar gari ke kwarara. Kamfanin Lambeth kuwa tun 1852 ya mayar da maɗebarsa can sama da birnin. Snow ya karɓi sunayen mamata daga ofishin rajista, ya bi gida-gida yana tambayar ruwan wane kamfani ake sha. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 na masu shan ruwan kamfani na farko an yi mutuwa 315, na masu shan ruwan Lambeth kuwa 37 kacal.

Yana cikin wannan bincike ne masifa ta faɗa wa unguwar Soho, kusa da gidansa. Daga daren 31 ga watan Agusta, 1854, kwalara ta ɓarke a titin Broad Street da kewayensa. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu, kafin kwana goma adadin ya kai 500, a ƙarshe aka ƙidaya 616. Duk wanda ke da wurin gudu ya kulle gidansa ya gudu.

A tsakiyar unguwar akwai rijiya mai famfon tuƙa-tuƙa, wadda ruwanta ya yi suna wajen daɗi. Snow ya samo jerin mutum 83 da suka mutu a kwanakin farko, ya bi gidajensu. Ya tarar 73 daga cikinsu wannan famfo ya fi kusa da su, kuma 61 an tabbatar ruwansa suke sha. Sauran goma da ke kusa da wasu famfuna, biyar iyalansu sun ce da gangan suke aikawa a ɗebo na Broad Street, uku kuma yara ne masu zuwa makaranta a nan kusa. Bai tsaya ga mamata kaɗai ba, ya binciki waɗanda suka tsira. Wani gidan gajiyayyu mai mutum 535 a tsakiyar unguwar ya rasa mutum biyar kawai, ashe yana da rijiyarsa. Ma'aikata 70 na wata masana'antar giya a kan titin ba wanda ya mutu, su ma ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata tsohuwa da ta ƙaura can Hampstead, nesa da Soho, wadda ake kai wa ruwan famfon a kwalba saboda ta saba da shi. Ta sha, ta kamu, ta mutu, alhali babu kwalara a unguwarta.

Da maraicen ranar 7 ga watan Satumba ya tsaya gaban hukumar gundumar St James ya karanta musu abin da ya gano. Ba su gamsu sosai ba, amma washegari suka sa aka cire hannun famfon. Sau da yawa akan ba da labarin kamar cire hannun ne ya tsayar da annobar nan take. Snow da kansa bai yi wannan iƙirari ba, ya rubuta cewa mace-macen sun riga sun ragu tun kafin ranar, domin jama'a sun watse.

Haka kuma akan ce taswira ce ta nuna masa famfon. Gaskiyar magana ita ce taswirar ta zo ne daga baya. Ya nuna ta ga ƙungiyar masu binciken annoba ta Landan a watan Disamba, 1854, aka buga ta a cikin bugu na biyu na littafinsa a 1855. Ya riga ya san amsar ta hanyar tafiya da tambaya da ƙidaya. Abin da ya rage shi ne yadda zai sa wanda bai taka unguwar ba ya ga abin da shi ya gani. Ya sa aka zana titunan Soho, aka yi ɗan baƙin layi guda a madadin kowane mamaci a daidai gidan da ya mutu, in mutum da yawa suka mutu a gida ɗaya sai layukan su hau kan juna kamar jerin tubali. Aka nuna wuraren famfuna 13 na yankin. Duk wanda ya duba zai ga baƙin ya yi cunkoso a kewayen famfo guda, yana raguwa gwargwadon nisa daga gare shi.

Ba shi ne ya fara zana taswirar wannan annoba ba. Wani injiniyan hukumar magudanai mai suna Edmund Cooper ya riga shi tun watan Satumba, domin a wanke magudanan daga zargi. Mace-macen ɗaya ne, amma shi magudanai ya jera kusa da su, saboda haka taswirarsa ba ta kai kowa ga ruwan sha ba. Abin da mai zane ya zaɓa ya ajiye kusa da adadi, da abin da ya bari, shi ke nuna wa mai kallo inda zai duba. Snow ya ƙara gyara tasa a cikin rahoton kwamitin binciken gundumar na 1855, inda ya zagaye da layi dukan gidajen da famfon Broad Street ya fi kusa da su, bisa tafiyar ƙafa ta lunguna, ba bisa awon miƙaƙƙen layi ba. Mafi yawan mace-macen suka faɗa cikin wannan da'ira.

Wani matashin limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow. Da yake ya san mutanen gida-gida, ya bi har waɗanda suka gudu ya yi musu tambayoyi, sai sakamakon ya juyo da shi. Shi ne ma ya gano mafarin abin: wata jaririya a gida mai lamba 40 ta kamu da gudawa kafin ɓarkewar annobar, uwarta tana wanke tsummokinta tana zuba ruwan a ramin shadda da ke gaban gidan. Da aka tona a 1855, aka tarar tubalan ramin sun ruɓe, kuma tsakaninsa da rijiyar bai kai ƙafa uku ba.

Duk da haka kwamitin hukumar lafiya ta ƙasa ya ƙi amincewa, ya tsaya a kan gurɓatacciyar iska. A shekarar nan ta 1854 wani masani ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita, shi ma ba a saurare shi ba, sai da Robert Koch na Jamus ya sake gano ta a Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Snow bai ga wannan rana ba. Ranar 10 ga watan Yuni, 1858, yana aikin rubuta littafinsa na kulorofom, ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ya rasu ranar 16 ga watan, yana da shekara 45, bai taɓa aure ba. Aka binne shi a maƙabartar Brompton. A cikin bazarar shekarar warin kogin Tems ya addabi majalisar dokoki har ta amince a gina manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara. Da kwalara ta sake ɓulla a gabashin Landan a 1866, William Farr, babban mai ƙididdiga na ofishin rajista, wanda a da ya riƙe ra'ayin iska, ya bi sawun cutar har zuwa ruwan wani kamfani. Daga wannan shekara ba a sake yin annobar kwalara a Landan ba.

Titin nan yanzu sunansa Broadwick Street, an kuma kafa famfo marar hannu a wurin don tunawa da shi. An shigar da wuraren mace-macen da ya zana cikin kwamfuta, ɗalibai a jami'o'i suna amfani da su wajen koyon gina taswirar intanet. Taswirar cutar korona da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe a watan Janairu, 2020, wadda miliyoyin mutane suka riƙa dubawa, bisa wannan tsari aka gina ta: adadi a kan wurin da abin ya faru.

Cutar da ya yi yaƙi da ita ba ta bar mu ba. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, kuma a shekarar 2021 kaɗai an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, mafi yawansu a jihohin arewa. Kayan zana taswira yanzu suna hannun kowane ma'aikacin lafiya mai waya. Amma taswirar ba za ta fi adadin da aka zuba mata inganci ba. Sai an sami wanda zai shiga unguwa, ya yi sallama a ƙofar gida, ya tambayi wa ya kamu, yaushe ya kamu, daga wace rijiya gidan ke ɗiban ruwa, ya rubuta amsar daidai, kamar yadda Dokta John Snow ya yi a lungunan Soho cikin watan Satumba na 1854.