Tarihin Uwa Elizabeth Seton, Gwauruwar da Ta Buɗe wa 'Ya'yan Matalauta Ƙofar Makaranta

Kowace shekara, ran 4 ga watan Janairu, Ikilisiyar Katolika takan tuna da wata mata mutuniyar Amurka mai suna Elizabeth Ann Seton. A ƙasarsu ana kiranta Uwa Seton, kuma in ana zancen makarantun Katolika da ke karɓar 'ya'yan matalauta, sunanta yana cikin waɗanda ake fara ambata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin ta ɗauki nauyin karatun ɗan wani, ita kanta ta taɓa rasa kuɗin da za ta sa nata 'ya'yan a makaranta, sai da waɗansu bayin Allah suka biya mata.

An haife ta a birnin New York ran 28 ga Agusta, 1774. Mahaifinta, Richard Bayley, sanannen likita ne, mahaifiyarta kuwa 'yar wani limamin ɗariƙar Anglikan ce, kuma a cikin wannan ɗariƙa Elizabeth ta tashi. Ba ta cika shekara 3 ba uwar ta rasu. Duk da maraici ta sami ilimi mai kyau, har ta iya Faransanci. A 1794, tana da shekara 19, ta auri William Seton, ɗan wani babban attajiri mai fatauci da jiragen ruwa. Allah ya ba su 'ya'ya 5, maza biyu, mata uku.

Tun tana cikin daula zuciyarta tana wajen masu bukata. A 1797 ita da waɗansu matan birnin suka kafa ƙungiyar taimakon gwauraye matalauta masu ƙananan yara, aka naɗa ta ma'aji. Ba ta san cewa kafin shekara 7 ita ma za ta shiga sahun waɗanda take taimako ba.

Wahala ta fara da rasuwar surukinta a 1798. Nauyin kasuwanci da na ƙannen da ya bari duk suka faɗo a kan mijinta. Jirage suka salwanta a teku, bashi ya taru, arziki ya karye, har gidan da suke ciki ya fita hannunsu. A 1801 mahaifinta ya rasu. Ana cikin haka tarin fuka ya ci ƙarfin William. A 1803 Elizabeth ta ɗauke shi da babbar 'yarsu Anna Maria suka tafi Italiya, ko sauyin iska zai taimaka masa. Da suka isa tashar jiragen ruwa ta Livorno, hukuma ta killace su kusan wata guda a wani gini mai sanyi da danshi, saboda an ji ana annobar shawara a New York. Bayan an sake su da 'yan kwanaki, William ya rasu a garin Pisa ran 27 ga Disamba, 1803. Ga Elizabeth, tana da shekara 29, gwauruwa a baƙuwar ƙasa, da marayu 5, ba ko anini.

Abokan cinikin mijinta ne suka karɓe ta, wato Antonio Filicchi da ɗan'uwansa Filippo, 'yan Katolika. A gidansu ta ga irin ibadarsu da irin alherinsu. Ta koma New York a 1804, kuma bayan dogon tunani da addu'a ta shiga Ikilisiyar Katolika ran 14 ga Maris, 1805. A wancan zamani 'yan Katolika a birnin kaɗan ne, yawancinsu baƙi matalauta, manyan gari kuwa suna raina su. Da yawa cikin dangi da abokai suka janye jiki daga gare ta. Ta gwada koyarwa, ta gwada riƙon gidan kwanan ɗalibai, amma abin bai ɗore ba, domin iyaye sun riƙa kwashe 'ya'yansu don tsoron kada ta juya musu addini.

A nan ne ta ɗanɗani abin da iyaye matalauta suka sani. 'Ya'yanta maza, William da Richard, sun isa karatu, ita kuwa ba ta da abin biya. Antonio Filicchi ya ci gaba da aiko mata da kuɗi, kuma da taimakonsa da na Bishop John Carroll na Baltimore aka sa yaran a makarantar Katolika ta Georgetown. Ba ta manta da wannan alheri ba har ƙarshen ranta.

A 1808 wani firist mai suna Fada William Dubourg ya gayyace ta zuwa Baltimore ta buɗe makarantar 'yan mata. Ta buɗe ta a wani ƙaramin gida, sai 'yan mata masu niyyar ba da kansu ga aikin Ubangiji suka fara taruwa wurinta. A watan Maris 1809 ta ɗauki wa'adi a gaban Bishop Carroll, daga nan aka fara ce mata Uwa. Wani mai dukiya, Samuel Cooper, wanda yake shirin zama firist, ya ba da dala 10,000, aka sayi gona kusa da ƙauyen Emmitsburg a jihar Maryland. A can, ran 31 ga Yuli, 1809, ƙungiyarta ta sistoci ta fara zamanta, ita ce ta farko da aka kafa a cikin ƙasar Amurka.

Lokacin sanyi na farko ya yi musu tsanani. Gidan ƙarami ne, abinci ba ya isa, har da gasasshen karas suke yin abin sha a madadin kofi. Duk da haka ran 22 ga Fabrairu, 1810, suka buɗe makarantar kyauta ta Waliyyi Yusufu domin 'yan matan yankin da iyayensu ba su da hali. Amma kyakkyawar niyya ba ta sayen littafi, ba ta kuma ciyar da malamai. Gwamnati ba ta ba su komai, Ikilisiyar ƙasar ita ma ba ta da dukiya. Saboda haka a watan Mayu na wannan shekara suka fara karɓar ɗaliban kwana, 'ya'yan masu hali daga birane, waɗanda iyayensu ke biyan kuɗin makaranta. Abin da ya ragu daga wannan kuɗi shi ya riƙa ɗaukar nauyin masu karatu kyauta da sauran ayyukan jinƙai. Da aka tabbatar da dokokin ƙungiyar a 1812, waɗanda aka ɗauko daga na Waliyyi Vincent de Paul na Faransa, an yarda su ci gaba da wannan tsari, aka kuma bar Uwa Seton ta ci gaba da renon 'ya'yan cikinta.

Ita da kanta takan shiga aji, takan horar da sistoci aikin koyarwa, takan fassara littattafai daga Faransanci. Baƙin ciki kuwa bai rabu da ita ba. Ƙannen mijinta mata biyu da suka biyo ta Emmitsburg sun rasu. 'Yarta Anna Maria ta rasu a 1812, autarta Rebecca kuma a 1816. Amma aiki bai tsaya ba. A 1814 ta aika sistoci su riƙe gidan marayu a Philadelphia, a 1817 kuma ta aika waɗansu New York, garin da a dā ya juya mata baya. Cutar da ta kashe mijinta ita ta kwantar da ita, ta rasu ran 4 ga Janairu, 1821, tana da shekara 46.

Bayan rasuwarta sistocinta suka bazu, suna buɗe makarantu da gidajen marayu da asibitoci a garuruwa da yawa. A 1884 bishop-bishop na Amurka da suka taru a Baltimore suka umarta a gina makaranta kusa da kowace majami'ar Katolika. Paparoma John na 23 ya sa ta cikin masu albarka a 1963, ran 14 ga Satumba, 1975 kuma Paparoma Paul na 6 ya tabbatar da ita waliyiya, ta farko cikin haifaffun Amurka.

'Yan'uwa, a lura da hannuwan da suka haɗu kafin yarinya ɗaya ta zauna a ajin kyauta na Emmitsburg. Akwai ɗan kasuwar Italiya da ya tallafi gwauruwa, akwai mai dukiyar da ya sayi gona, akwai iyayen da suka biya cikakken kuɗi, akwai kuma sistocin da suka koyar ba albashi. Makaranta ba ta taɓa zama kyauta ba sai da wani ya biya. Iyayen da kuɗin makaranta yake hana barci kada su ga abin kunya ne su nemi taimako wurin ikilisiyarsu, gama Uwa Seton ma ta karɓa. Waɗanda Allah ya hore wa kuwa, in sun gama biya wa nasu, su tambayi shugabannin majami'arsu ko akwai yaron da ke zaune a gida wannan zango saboda rashin kuɗi. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.